Shok ɗin gaba yana yoyon mai: tambayoyi da amsoshi ga mai son canja oyil-sil da hannunsa a Legas

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwa masu babur a Legas, 'yan okada da masu kai saƙo da masu hawan kansu, tun daga Agege da Alaba Rago har Ikorodu. Bayanin ya shafi shok irin na Bajaj Boxer, TVS, Haojue da sauran ƙananan babura masu ƙarfin 100 zuwa 150cc, wato wanda sandar ƙarfe mai sheƙi take sama, bututun alminiyam yake ƙasa wajen taya. Oyil-sil, ko sil a taƙaice, shi ne zoben robar da ke cikin bakin bututun, yana hana man shok fita ta jikin sandar. Manyan babura masu juyayyen shok aikinsu ya ɗan bambanta.

Ta yaya zan tabbatar oyil-sil ne ya mutu?

Ka sami tsumma mai tsabta ka goge sandar tas, daga mariƙinta na ƙasa, wato ƙarfen da ya damƙe ta a jikin babur, zuwa bakin robar ƙura da ke rufe saman bututun. Sai ka hau babur, ka matse birkin gaba, ka danna kan babur ƙasa sau biyar ko shida da ƙarfi. Idan ka ga zoben mai ya zagaye sandar a daidai inda shok ya tsaya da nutsewa, to sil ya fara saki. In abin ya yi nisa ba sai ka gwada ba: za ka ga mai ya gangaro ta jikin bututun ƙasa, ƙura ta manne masa ta zama baƙin danƙo.

Ka duba ƙasan shok ɗin ma. Akwai noti guda a can ƙarƙashi, inda sandar tsakiyar taya take ratsawa. Idan daga nan man yake ɗiga alhali sama a bushe take, matsalar washar notin ce, sil ɗinka lafiya lau.

In na ƙyale shi haka na ci gaba da aiki, me zai faru?

Sifirin ɗin da ke cikin shok shi yake ɗaukar nauyi, amma mai ne yake hana shi tsalle. Duk lokacin da taya ta faɗa rami, man yana kutsawa ta wasu ƙananan huji a ciki, wannan kutsawar ce take rage ƙarfin bugun. Idan mai ya ragu, gaban babur zai riƙa nutsewa da zarar ka taɓa birki, ya riƙa buga ƙarfe da ƙarfe a rami, taya kuma ta riƙa rabuwa da ƙasa a kan kwana. Idan ƙafa ɗaya ta shok ɗin ce ta bushe, babur zai riƙa rinjaya gefe guda.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato birki. Man da ke gangarowa ba shi da wurin zuwa sai wajen taya, kuma a nan birkin gaba yake. Ranar da ya jiƙa fatar birki, za ka matse hannu babur ya ƙi tsayawa, ga fasinja a bayanka, ga danfo ta ci birki a gabanka. Ɗan'uwa, kuɗin sil biyu da mai bai kai abin da za a kashe a dare ɗaya a asibiti ba. In har mai ya riga ya kai can, ka karanta amsar da ke magana kan birki kafin ka sake hawa.

Me ya sa sil ba ya daɗewa a Legas kamar yadda yake yi a gida Arewa?

Abu biyu ne suka haɗu: iska da hanya. Legas a bakin teku take, iskarta da laima da gishiri, damina kuma tana jan watanni tun daga Afrilu har Oktoba. Babur ɗin da yake kwana a waje, raɓa da ruwan sama suna zama a kan sandar, kuma duk inda tsakuwa ta taɓa ɓantare farin rufin da ke kanta, nan tsatsa take kamawa. Tsatsar tana tasowa da kaifi, sai ta riƙa yankan leɓen sil kamar reza duk sanda shok ya nutse ya taso, sau dubbai a wuni. Ga kuma ruwan ambaliya mai yashi da ake kutsawa ciki, wanda yake bushewa a sandar ya bar ƙasa a bakin roba.

Sai hanya. Tun da gwamnatin jihar ta hana okada a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland a ranar 1 ga Yunin 2022, ta kuma ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu a watan Satumbar shekarar, aikin ya koma cikin lunguna da unguwannin gefe irin su Alimosho, Ojo, Ikorodu da hanyar Badagry. A can kwalta ba ta da yawa, rami ne da taɓo da tudun rage gudu. Idan aka haɗa da fasinja biyu ko buhun shinkafa mai kilo 50 da ake ɗorawa a kan tanki, shok yana kaiwa ƙarshensa sau da yawa, matsin da ke ciki kuma yana neman mafita ta wajen sil.

Akwai dabarar da zan gwada kafin in kwance komai?

Akwai, kuma ta cancanci a gwada ta idan yoyon sabo ne, sandar kuma sumul take. Wani lokaci ƙwayar yashi ce kawai ta maƙale a ƙarƙashin leɓen sil ta ɗaga shi. Ka ɗaga robar ƙura sama da bakin sukundireba a hankali, ka goge wurin. Ka yanko siririn ɓallen roba daga jikin gorar ruwa, ka yi masa baki mai lanƙwasa, ka tabbatar gefensa ba kaifi. Ka zura shi tsakanin sanda da sil, ka zagaya da shi sau ɗaya kana janyo shi sama. Ka goge, ka danna shok sau da yawa, ka sake gogewa. In zoben mai ya daina fitowa, ka tsira. In ya dawo bayan kwana biyu, leɓen ya riga ya yage, sai canji. Kada ka yi wannan da reza ko waya.

Aikin gida ne, ko dai in kai wa bakanike?

Duk wanda ya iya cire tayar gaba ya mayar da ita daidai zai iya wannan aiki. Ba ƙarfi yake so ba, tsabta yake so da natsuwa. A karon farko ka ware rabin wuni, kada ka fara shi da yamma kana sa ran fita aikin dare. Amfanin yi da kanka shi ne za ka ga cikin shok ɗin da idonka, ka wanke shi yadda ya kamata, ka auna man da ka zuba. A bakin titi sau da yawa ana ɗora sandar a kan yashi, a zuba mai da ƙiyasin ido, ba don mugunta ba, sai don layin masu jira.

Amma akwai inda ya kamata ka tsaya ka nemi gwani: idan babur ya taɓa yin karo ta gaba, idan kan notin ƙasa ya cinye har alanki, mabuɗin da ke shiga ramin kansa, ba ya kama shi, ko idan sandar ta lanƙwashe.

Wane kayan aiki zan tanada?

Sifanu da soket daidai da notunan babur ɗinka, alanki mai dogon hannu saboda notin ƙasa a cikin rami yake, sukundireba mai faɗin baki da ƙarami, filaya, da guduma, in so samu ne ta roba. Sai guntun bututun ruwa na roba wanda sandar shok za ta shige cikinsa ba tare da sarari mai yawa ba, da shi za ka buga sil. Ka nemi babban sirinji ko kofin awo mai lambobin mililita, da kananzir na wanki, da tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare, da leda, da tsohon kwano na tarar mai, da sandar tsintsiya ko ta mofa. Ka shimfiɗa kwali a ƙasa, duk abin da ka ciro ka jera shi a kai bi da bi yadda ya fito.

Kada ka yi wanki da fetur. Yawancinmu a gidan haya muke, ɗakuna suna kallon juna, wata tana hura risho ko gas a baranda taku kaɗan daga inda kake. Tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da wuta. Kananzir yana wankewa sarai, hatsarinsa kuma bai kai haka ba.

Yaya zan sayi sil ɗin da ya dace?

Faɗin sunan babur kaɗai ba ya isa, domin Boxer ma iri-iri ne. A bayan kowane sil akwai lambobi uku, misali 30-42-10.5. Na farko faɗin ramin ciki ne, wato kaurin sandarka a milimita. Na biyu faɗin waje, wanda zai zauna cikin bututun ƙasa. Na uku tsayinsa. Hanya mafi aminci ita ce ka ciro tsohon ka tafi da shi shago, ko wajen masu kayan babur na unguwarku, ko manyan dillalai irin na kasuwar Trade Fair da ke kan hanyar Badagry. Ka haɗa su baki da baki a gaban mai shago.

Ka juya sabon ka duba cikinsa. Ya kamata ka ga siririn sifirin ya zagaye leɓen, robar ta yi laushi ba ta bushe ba, bakin leɓen kuma ba gutsure. Idan an ajiye maka kala biyu, ka ɗauki mai kyaun ko da ya fi tsada; araha ba ta ado, kuma wahalar kwance shok sau biyu ta fi bambancin kuɗin. Ka haɗa da sababbin robobin ƙura da washar jan ƙarfe ta notin ƙasa.

Ƙafa ɗaya ce take yoyo. Dole sai na canja biyun?

Ka canja biyun. Shekarunsu ɗaya, hanyar da suka bi ɗaya, kuma tayar da madigadin da za ka cire saboda ɗaya su ne dai za ka cire saboda ɗayar. Ban da haka, sabon mai a ƙafa ɗaya da tsohon da ya tsinke a ɗayar ba za su yi aiki daidai da juna ba. Sai dai ka yi su ɗaya bayan ɗaya, don kada kayan cikinsu su cakuɗe, kuma in ka rikice wajen haɗawa, ga ɗayar nan a haɗe ka duba.

Daga ina zan fara kwancewa?

A nan ne masu farawa suka fi wahalar da kansu, saboda akwai notuna biyu da ya kamata a sassauta tun shok yana jikin babur. Na farko murfin sama. Idan ka bari sai ka zare shok ɗin, ba abin da zai riƙe maka sandar, sai ta riƙa juyawa a hannunka, daga nan mutum ya kai ga damƙe ta da filaya ya lalata ta. Don haka ka ɗora babur a jakin tsakiya a wuri mai tauri, ka sassauta notin mariƙin sama in irin naka yana da shi, ka bar na ƙasa a ɗaure, sannan ka karya ƙarfin murfin da rabin juyi kawai. A wasu ƙananan babura murfin shi ne kansa notin da ya ratsa mariƙin sama ya riƙe sandar.

Sai ka sa katako ko bulo a ƙarƙashin inji, ko wani ya danne maka bayan babur, har tayar gaba ta bar ƙasa. Ka cire wayar birki da wayar mita, ka zare sandar tsakiyar taya, ka lura da inda kowane ƙarfen tazara yake. Mai birkin faifai ya kwance abin da ke matse faifan ya rataye shi da waya a jikin babur, kada ya bar shi yana reto a kan tiyo. Da taya ta fita za ka ga noti na biyu, mai kan alanki, a ƙarƙashin shok. Ka karya ƙarfinsa yanzu, tun sifirin yana danne kayan ciki. Bayan haka ka cire madigadi, ka sassauta mariƙin ƙasa, ka murɗo shok ɗin ƙasa. Kafin ka zare shi ka yi alama ko ka ɗauki hoto da waya, don ka san tsayin da sandar take zaune.

Wajen buɗe murfin gaba ɗaya, ka danne shi da tafin hannu kana juyawa, fuskarka a gefe, domin sifirin yana turo shi da ƙarfi a juyin ƙarshe. Ka zaro sifirin ka lura da gefen da zagayensa suka fi matsuwa, sama yake kallo ko ƙasa. Sai ka kifa shok ɗin cikin kwano ka riƙa tura sandar kana janyowa har man ya ƙare.

Notin ƙasa yana ta juyawa amma ya ƙi fita. Me zan yi?

Notin yana ɗaure ne a jikin wata ƙaramar sanda mai huji-huji da ke cikin shok, ita ce take juyawa tare da shi. In ka riga ka cire sifirin, ka mayar da shi ka ɗaura murfi, ka sa wani ya danna shok ɗin ƙasa da nauyinsa, kai kuma ka buga hannun alanki da guduma bugu ɗaya mai kaifi. Fizga ce take kwance shi, ja a hankali ba ya yi. In ya ƙi, ka fiƙe bakin sandar tsintsiya ya yi tsini kaɗan, ka zura ta ta sama ka danne kan ƙaramar sandar da ƙarfi yayin da ake juya notin. In duk wannan bai yi ba, ka ɗauki shok ɗin ka kai wa mai injin kwance noti na iska, cikin daƙiƙa zai fitar da shi. Ka tabbatar alanki ya zauna har ƙasan ramin notin kafin ka sa ƙarfi. Ka fara ƙwaƙule taɓon da ya cika ramin.

Yaya ake fitar da tsohon sil ba tare da an ɓata mazauninsa ba?

Ka ɗaga robar ƙura. A ƙarƙashinta akwai zoben waya da ya kwanta cikin wani tsagi, shi yake hana sil fitowa. Ka ɗago bakinsa da ƙaramin sukundireba, yatsanka a kai don kada ya yi tsalle ya ɓace. Wanda ya manta da wannan zobe zai yi ta fama har ya fasa bakin bututun. A yawancin ƙananan babura, da notin ƙasa ya fita sandar takan zare salin-alin ta bar sil a mazauninsa. Sai ka naɗe tsumma a bakin bututun, ka sa sukundireba mai faɗi a ƙarƙashin sil, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Alminiyam yana da taushi, idan bakin sukundireba ya karce bangon da sil yake zama, mai zai riƙa bi ta bayan sabon. In ya kafe, ka kwarara ruwan zafi a jikin bakin bututun, zai ɗan buɗe.

A wasu babura sandar ba ta fita sai an fizge ta, saboda akwai bushi a ƙarshenta, wato siririn zoben ƙarfe da take zamewa a kansa cikin bututun. Irin wannan sai ka riƙe bututun ka riƙa fizgo sandar da ƙarfi sau da yawa, za ta fito da sil da washa da bushi a jere. Ka leƙa can ƙasan bututun, akwai wani ɗan ƙaramin ƙoƙon alminiyam da ke zama a bakin ƙaramar sandar ciki. Yana yawan faɗawa cikin kwanon tsohon mai a zubar da shi ba a sani ba.

Na ga tsatsa da ƙananan ramuka a jikin sandar. Sabon sil zai riƙe?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, domin sau da yawa sil ba shi ne mai laifi ba, sandar ce take kashe shi. Bayan ka wanke ta da kananzir ka goge, ka fita da ita cikin haske, ka bi jikinta da farcen babban yatsa daga sama zuwa ƙasa, kana juya ta. Ka fi mai da hankali kan tsakiyar da sil yake goga, za ka gane wurin don ya fi sauran sheƙi. Duk inda farcenka ya tsaya ko ya ji ƙaiƙayi, leɓen roba ma zai ji shi. Tsatsar da ke can sama tsakanin mariƙai biyu ba ta taɓa sil lokacin tafiya, amma ita ma ka goge ta, tunda ta kanta sabon sil zai wuce wajen sakawa.

Idan tabon ƙanana ne, ka sami samfefa mai laushi sosai, lamba 1000 ko 1200, ka jiƙa ta da mai, ka goge kaifin kana zagaya sandar, ba tsaye daga sama zuwa ƙasa ba, don karcen tsaye hanya yake zame wa mai. Ba so ake ramin ya ɓace ba, so ake bakinsa ya daina yanka. Wasu suna cike ramin da gam mai haɗi biyu, su bari ya bushe su goge ya yi daidai da jiki. Yana ɗan kai mutum, amma na wucin gadi ne. Idan rufin ya fara ɓarewa, ko ramukan sun yi yawa a inda sil yake aiki, gaskiya ita ce sai sabuwar sanda. Ko sil goma ka sa, haka za ta cinye su.

Ka gwada miƙewarta kuma. Ka kwantar da ita a kan gilashi ko tayil mai shafe, ka mirgina ta a hankali kana kallon ƙarƙashinta. In haske yana buɗewa yana rufewa, ta lanƙwashe. Ban goyi bayan a kai ta a buga ta miƙe ba, don ƙarfen da ya lanƙwashe aka mayar ya riga ya yi rauni a wurin, kuma shi yake ɗauke da tayar gabanka.

Wane gefen sil ne yake kallon sama, kuma yaya ake buga shi?

Gefen da aka rubuta lambobi shi ne sama. Gefen da yake buɗe, inda kake ganin siririn sifirin, shi yake kallon mai. In an juya shi, yoyo zai fara tun ranar.

Ka fara haɗa cikin: ƙaramar sandar da ɗan sifirinta cikin babbar sanda, ƙoƙon alminiyam a bakinta, sannan duka cikin bututun ƙasa, ka ɗaura notin ƙasa da sabuwar washa. Ka rufa leda a kan sandar ta sama don kaifin bakinta kada ya yanki leɓe, ka shafa man shok a leda da cikin sil, ka zura shi a hankali ya sauka. In akwai washa a ƙarƙashinsa, ita ce gaba. Ka ɗora tsohon sil a kan sabon, ka zura bututun roba, ka riƙa bugawa sannu-sannu kana duba ko yana shiga daidai ta kowane gefe. Za ka ji ƙarar bugun ta canja idan ya kai ƙasa, kuma tsagin zoben waya zai bayyana gaba ɗaya a zagaye. Ka cire tsohon, ka mayar da zoben ka tabbatar ya faɗa tsaginsa, sannan robar ƙura. Kada ka taɓa buga sil da bakin sukundireba kai tsaye.

Wane mai zan zuba? Na ga ana zuba baƙin mai.

Ana yi, amma ba shi ne daidai ba. Man inji irin 20W-50 ya ninka man shok mai lamba 10W kauri fiye da sau uku, don haka ba ya wucewa ta hujin ciki da saurin da ake so. Shok sai ya yi tauri, bugun rami ya riƙa zuwa maka har kafaɗa, matsi kuma ya ƙaru a kan sil. Man shok na musamman ana sayar da shi da lambobi irin 5W, 10W, 15W da 20W, kuma 10W shi ne aka fi amfani da shi a ƙananan babura. Mai ɗaukar kaya masu nauyi kullum zai iya hawa zuwa 15W. In ba a samu ba, jan man giyar mota mai canja kanta, wanda ake kira ATF, ya fi baƙin mai kusa da abin da ake so; tsofaffin littattafan Honda ma shi suke cewa a zuba. Tsohon man da aka juye daga inji kuwa kada ya kusanci shok ɗinka, cike yake da garin ƙarfe.

Nawa zan zuba a kowace ƙafa?

Kowane babur da awonsa, yana cikin littafin da ake bayarwa tare da shi, kuma a ƙananan babura bai kai kwatan lita a ƙafa ɗaya ba. In littafin ba ya hannunka, ka tari man ƙafar da ba ta yoyo a kofin awo, ka bar ta ta tsiyaye sosai, abin da ya fito shi ne ma'auninka, ka ɗan ƙara kaɗan saboda wanda ya manne a ciki. Dillalan kamfanin babur ɗin ma suna da adadin.

Ka tsayar da shok a miƙe, ba sifirin a ciki, ka zuba man, ka riƙa jan sandar sama da ƙasa a hankali kamar sau goma har kumfa ta daina tasowa. Sai ka tura sandar har ƙasa, ka zura tsinke mai tsabta ka auna daga bakin sanda zuwa saman mai. Tazarar nan dole ta zo ɗaya a ƙafafu biyun. In ɗaya ta fi, ka zuƙe da sirinji. Kada ka ce bari ka cika don ya daɗe. Iskar da ta rage a sama tana da aiki, ita take matsewa idan shok ya nutse, mai kuwa ba ya matsuwa. In ka cika shi, ramin farko mai zurfi zai iya turo sabon sil ɗin.

Wajen mayarwa akwai abin lura?

Ka ja sandar sama, ka sa sifirin yadda ya fito, ka danna murfi ka fara ɗaura shi da hannu. In ya yi tauri tun juyin farko, tiredi ya hau karkace, ka warware ka sake. Ka goge sandar da cikin mariƙai kada mai ya rage, ka mayar da kowace ƙafa daidai alamar da ka yi, ka ɗaure mariƙin ƙasa, sannan ka ƙarasa ɗaure murfi. Ka mayar da madigadi da taya amma kada ka ƙulle notunansu tukuna. Ka sauke babur, ka riƙe birki ka danna gaban sau da yawa don ƙafafun su daidaita kansu, sannan ka ɗaure komai. Mai birkin faifai ya matsa hannun birki har ya yi tauri kafin ya motsa. Ka fara zagaya layinku a hankali kai kaɗai, ka dawo ka sake bin notunan, kafin ka ɗauki kowa.

Mai ya riga ya jiƙa birki. In wanke fatar ya isa?

Bai isa ba. Fatar birki tana shan mai har cikinta, ko ka wanke ta ta bushe a ido, da ta ɗauki zafi man zai sake tsattsafowa. Ƙona ta a wuta da wasu suke yi yana iya raba fatar da ƙarfen da aka manna ta a kai. Ka sa sabuwa. Kwanon birki ko faifan kuma ka wanke shi da ruwan zafi da omo, ko maganin wanke birki na feshi, ya bushe sarai kafin sabuwar fata ta taɓa shi. In mai ya zuba a jikin taya, ita ma a wanke ta da sabulu.

Na canja, bayan sati ya sake yoyo. Ina matsalar take?

Ka fara gogewa ka gani, don wani lokaci ragowar man da aka shafa wajen sakawa ne ya taru a ƙarƙashin robar ƙura, yakan ƙare da kansa. In yoyon gaske ne, ka koma kan amsar tsatsa, nan ne amsar take a mafi yawan lokuta. Bayan ita sai sil da aka juya, ko leɓen da ya yage saboda ba a sa leda ba, ko mai da ya yi yawa, ko karce a mazaunin sil. Akwai kuma lalacewar bushi ko cikin bututun kansa: ka ɗaga tayar gaba sama, ka kama ƙasan shok ka girgiza shi gaba da baya. In kana jin yana ƙwas-ƙwas a tsakanin sanda da bututu, sandar tana kaɗawa a cikin sil tana buɗe shi, sai an canja abin da ya cinye.

Me zan riƙa yi don sabon ya daɗe, kuma ina zan kai tsohon man?

Duk ranar da ka shiga ruwa ko taɓo, ka goge sandunan kafin ka kwanta, tun ƙasar ba ta bushe a kai ba. Ka ɗan shafa mai a ɓangaren sama da tsatsa take kamawa. In babur ɗinka yana da robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke rufe sandar, ka riƙa ɗaga ta kana dubawa, domin wadda ta yage tana tara ruwa a ciki ta ɓoye maka tsatsa. Ka canja ta da zarar ta tsage. Masu loda babur a tirela zuwa gida lokacin salla ko damina su hana a ɗaura igiya ko sarƙa a jikin sandar. Mai aikin okada kullum ya riƙa canja man shok ko da sau ɗaya a shekara, ko ba ya yoyo.

Tsohon man kuma ka juye shi a gora ka rufe, ka kai wa masu canjin baƙin mai, suna tarawa. Kada ka zuba shi a kwata: magudanan unguwanninmu a lagun suke ƙarewa, kuma da ruwa ya yi yawa abin da ke cikinsu tsakar gida yake dawowa inda yara suke wasa.